Huda ko yanka: yadda aka cire min ƙari a ma'ajiyar ƙwai

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, har da mazan da za su karanta saboda matansu ko ƙannensu. Ni malamar makaranta ce a Kano, yarana biyu yanzu, amma lokacin da abin nan ya same ni 'yata ɗaya ce kuma shekaruna 29. Ba zan kama sunan kowa ba, har asibitocin ma.

A gidanmu tun muna ƙanana tiyata abar tsoro ce, kuma da dalili. Gwaggonmu ƙanwar Baba an kai ta asibiti da ciwon mara ina firamare, aka shiga da ita, ta farfaɗo aka ce an cire mahaifa. Ba ta taɓa haihuwa ba, auren ma bai yi nisa ba bayan nan. Har yau babu wanda zai iya gaya maka me aka gani a cikinta, don a zamanin ba a tambayar likita, ya ce an cire to an cire kenan. Da wannan muka girma, Umma in ta ji an ce za a yi wa wata aiki sai ta hau salati kamar an yi rasuwa.

Wajen ƙarshen 2022 na fara jin nauyi a marata ɓangaren hagu, ga fitsari akai akai, ina cikin aji sai na nemi wata ta tsaya min, abinci kaɗan zan ci na ƙoshi, siket ɗina duk suka matse a ƙugu. A makaranta har an fara min barka a ɓoye, surukata Hajiya kam bakinta har kunne don ta daɗe tana jiran na biyu. Gwajin ciki kuma ba komai, al'ada na zuwa lafiya lau. A kemis aka ce sanyi ne, kun san dai mu komai sanyi ne, na sha magani na ƙare ba abin da ya canja. Sai wani dare ciwo ya tashe ni, wlh ko naƙudar 'yata ban ji irinsa ba, gefe ɗaya yake kamar ana murɗa min hanji, ga amai, ga gumi, maigida ya ruɗe yana neman mai mota da tsakar dare, kafin mu isa asibiti kuma ya lafa kamar ba ni ba. Likitan da ke bakin aiki ya ce duk da haka sai an yi sikanin da safe.

Mai sikanin ya daɗe yana yawo da abin a marata bai ce komai ba, can ya ce Hajiya kin san kina da sist? Wato ƙari kenan. A takarda ya rubuta santimita 13 a ma'ajiyar ƙwai ta hagu. Ita ma'ajiyar ƙwai ta lafiyayyar mace ba ta wuce santimita 3 zuwa 4 ba, nawa kuwa ya ɗara kwakwar da aka ɓare.

Aka tura mu gaini, sashen cututtukan mata, a asibitin koyarwa, na samu konsoltan mace, wato babbar likita, babbar mata mara hayaniya, Allah Ya saka mata da alheri. Ita ta zaunar da ni ta min bayani tiryan tiryan. Ta ce yawancin sist ɗin da mata ke firgita a kai ruwa ne zalla, yana fitowa ne wajen sakin ƙwai, in bai kai santimita 5 ba galibi da kansa yake bajewa bayan al'ada biyu ko uku. Nawa ba irinsa ba ne, a hoton ana ganin kitse da wani dunƙule mai tauri a ciki, ta ce ya fi kama da wanda suke kira damoyid, shi kuma baya narkewa da magani ko na Bature ko na gida. Ciwon daren nan kuma ta ce da alama murɗewa ya yi ya warware, don nauyin ƙarin yana sa ma'ajiyar ta juya a kan jijiyarta, in ta juya ta ƙi dawowa jini ya daina zuwa mata to cikin sa'o'i ma'ajiyar tana iya mutuwa, sai dai a cire ta gaba ɗaya da gaggawa. Wato zancen ko za a yi aiki ko ba za a yi ba ya ƙare a nan. Ta rubuta min gwajin jini, CA-125 da AFP da LDH da hCG, ta ce ukun ƙarshe ana yi wa matan da ba su kai 40 ba ne saboda irin kansar da ke kama matasa, sannan hoton MRI in da hali. Duk suka fito daidai, CA-125 ƙasa da 35 yadda ake so, amma ta ce kar in riƙe shi kamar aya, yana iya hawa don faibiroid, wato ƙarin mahaifa, ko al'ada kawai, kuma yana iya zama ƙasa alhali da matsala. Tabbas sai an cire an kai lab.

Ta ce ita buɗe cikin za ta yi. Ina jin haka gabana ya yanke ya faɗi, Gwaggo kawai nake gani.

Wata abokiyar aikina ce ta ce min ai yanzu an daina yanka, akwai aikin kyamara, lafaroskofi, an yi mata ita ma. Na kwana a YouTube ina kallo. Maigida ya ce mu je mu ji, muka je wani asibitin kuɗi wajen wani likita matashi wanda aikinsa kenan. Gaskiya shi ma bai ɓoye min komai ba. Ya ce za a sa ni barci gaba ɗaya, a hura min ciki da iskar gas don a samu fili, a yi huda uku ko huɗu, ɗaya a cibiya don kyamara sauran a ƙasa don kayan aiki, kowace ba ta wuce santimita ɗaya ba, yana kallon allo yana aiki. Ciwo kaɗan, tabo kaɗan, ba a cika samun ciwon ya yi ruwa ba, hanji baya yawan mannewa daga baya, washegari ko jibi ina gida, sati biyu na koma makaranta. Ni kam a kujerar nan na gama yanke shawara. Sai maigida, mutumin da baya magana a gaban likita, ya ce Dakta to abu mai santimita 13 ta ina zai fito ta hudar santimita ɗaya?

Likitan ya yi murmushi ya ce Alhaji ka yi tambaya. Ya ce ana ɓare ƙarin daga jikin ma'ajiyar, a zura wata jakar roba a saka shi ciki, a jawo bakin jakar waje, a huda shi a cikin jakar a zuƙe, sannan a fito da shi guntu guntu. Amma a girma irin nawa fili ya yi kaɗan, kuma da wuya a gama ɓarewa bai fashe ba. In ya fashe kitse da gashin da ake samu a irin wannan ƙarin suna zuba a cikin ciki, sai a yi ta wankewa da ruwan dirif lita lita har ya fita tas, yawanci ba abin da ke biyo baya, amma jefi jefi akan samu wadda cikinta zai kumbura ya yi zafi daga baya saboda abin da ya saura. Ya kuma ce dole in sa hannu cewa in ya shiga ya ga ba zai yiwu ba zai buɗe cikin nan take. Kuɗin kuma ya kusa ninka na can biyu, kuma ko an koma yanka ba ragi.

Nan fa gida ya rabu. Umma ta ce ita ba huda ba yanka, a yi ta addu'a. Hajiya ta aiko da jarka guda ta magani da habbatus sauda da zuma, ta ce wance ma haka aka ce mata ta sha ya fita ta fitsari. Yayata ta ce a yanka kawai a huta, aikin da kowane likita ya iya. Maigida ya ce zai saida babur ɗinsa a yi na kyamara tunda shi nake so, kuma na san har da tsoron kar ya gan ni a kwance. Kowa da gaskiyarsa, amma ciki nawa ne, kuma duk dare in na juya na ji abin ya motsa sai in ƙame ina jiran ciwon nan ya dawo.

Abin da ya taimake ni shi ne na samu littafin rubutu irin na ɗalibaina na rubuta tambayoyi, na koma wajen kowannensu da su. Na tambayi likitan kyamara, Dakta don Allah irin girman nawa ka saba yi? Ya ce yawancin waɗanda yake yi ba sa kai 10, ya taɓa yin manya, wasu sun tafi daidai wasu sai da ya buɗe. Na ji daɗin wannan amsar fiye da a ce ya cika min baki. Na koma wajen konsoltan na ce Dakta ni tsoron yanka nake, me ya sa ba kya son hudar? Ta ce 'yata ba ƙinta nake ba, da naki santimita 6 ko 7 ne da ni da kaina zan tura ki, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma akwai ƙwararrun da ke cire manya ma da ita. Abu biyu ne ke raina. Na farko dunƙulen nan, kusan tabbas ba komai ba ne, a cikin damoyid ɗari wanda ke rikiɗa ya zama kansa bai wuce ɗaya ko biyu ba kuma yawanci a manyan mata ne, to amma in aka yi rashin sa'a kuma ya fashe a ciki, cutar da take mataki na 1A ta koma 1C, wadda da aiki kaɗai zai ishe ta sai ta kai ga shan kemo, maganin kansa. Mu kuma a nan ba mu da yadda za mu gwada shi kina kan gado mu samu sakamako a take, sai bayan makonni. Na biyu ke kina son haihuwa, ma'ajiyar nan ƙarin ya shimfiɗe ta ta zama siririya a jikinsa, ni na fi yarda da hannuna in ɓare a hankali in ɗinke da zare, in rage ƙona wurin da wuta don tsayar da jini, saboda wutar tana cin ƙwayayen da suka saura.

Maganar ƙwai ɗin nan ita ta tsaya min. Duk kwanakin nan tabo nake lissafi da ranar komawa aiki, alhali abin da ke hana ni barci tun farko kar in farka a ce an cire min wani abu ne. Na ce mata to mahaifata fa? Ta ce mahaifa ba ruwanta, ko kusa da ita ba za a yanka ba. Na ba ta labarin Gwaggo ina kuka, ta bari na gama ta miƙo min tishu, ta ce to mu rubuta.

Wannan shi ne abin da nake so kowace mace ta sani, fom ɗin da ake ba ki ki sa hannu ana iya zama a karanta shi, kuma ana iya ƙara rubutu a ciki. Mun rubuta cewa ƙarin kawai za a cire a bar ma'ajiyar hagu, in ta riga ta lalace ko jini ya ƙi tsayawa na yarda a cire ta ita kaɗai, ta dama da mahaifa ba za a taɓa ba sai in rai ne a kai. Ta ce min ko da an cire ta hagun, guda ɗaya mai lafiya ta isa al'ada ta isa ciki. Sai maganar inda za a yanka, ashe shi ma kala biyu ne, akwai na tsaye daga ƙasan cibiya zuwa mara wanda ake yi in ƙarin ya yi girma sosai ko ana zargin kansa don a duba ko'ina, akwai na kwance a ƙasan mara irin na masu CS. Ta danna cikina ta ga abin yana motsi bai manne ba, ga gwaje gwaje sun yi kyau, ta ce na kwance zai yi, amma in ta ga dole za ta ƙara faɗinsa. Na yi istihara, na kira Umma na ce mata na zaɓa, ta yi shiru ta ce Allah Ya sa a fito lafiya 'yar nan, ban da abin cewa. Ni na sa hannu da kaina, maigida ya sa a matsayin shaida.

Kun tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, ga zaɓe a kai, kuɗinka na banki amma ba ka isa ka taɓa ba. Na saida 'yan kunnena na gwal aka turo ta taransifa, kuɗin suka maƙale a hanya, maigida ya wuni a layin POS don kuɗin safar hannu da allurai. Ƙannena biyu suka ba da jini aka ajiye, alhamdulillah ba a ma yi amfani da shi ba. A watan Maris aka sa rana, ana saura kaɗan a fara azumi.

Allurar baya aka min, don haka idona biyu. An kare ni da zani daga ƙirji, ɗakin sanyi kamar me, ƙafafuna suka yi nauyi suka ɓace. Ba zafi amma ina jin ana ja ana turawa, wani lokacin har numfashina ya ɗauke, mai allurar yana tsaye a kaina yana min hira wai wane aji nake koyarwa, ni kuwa ba abin da nake sai hasbunallahu. Can na ji muryarta ta ce alhamdulillah ya fito bai fashe ba, ta leƙo ta saman zanin ta ce 'yata ma'ajiyarki tana nan, ta yi rabin juyawa amma da ranta, ta dama ma na duba lafiya lau. Hawaye suka dinga gangarowa cikin kunnena ba hannun gogewa.

Kafin a kai lab an nuna wa maigida, an tsaga shi a cikin kwanon silba, ya ɗauki hoto. Wani kitse ne rawaya mai kauri, ga gashi baƙi dogo ya cukurkuɗe a ciki, ga wani abu fari mai tauri da likita ta ce haƙori ne. Ni kaina da na gani sai da tsigar jikina ta tashi. Hajiya tana gani ta tafa hannu ta ce ai dama ta faɗa, wannan sammu ne, gashi da haƙori a cikin mutum? Kafin la'asar magana ta zaga dangi, kuma tunda ba ni da kishiya sai aka fara kallon facalata, baiwar Allah da ita ta dafo min ruwan zafi ta kawo. Ina kwance da robar fitsari na roƙi likita ta yi wa Hajiya bayani da bakinta. Ta ce Hajiya wannan daga ƙwayar halittar da ke cikin ma'ajiyar yake tsirowa, irin ƙwayar da Allah Ya ba ikon zama fata da gashi da ƙashi in za a halicci ɗa, wani lokacin sai ta fara aikin ita kaɗai ba ciki ba komai, yana cikin ƙarin da muka fi cirewa a jikin 'yan mata da matasa, a ko'ina a duniya, kuma zai yiwu ya shekara da shekaru yana girma a hankali. Hajiya ta ce to Allah Ya sawwaƙe. Ko ta yarda ko ba ta yarda ba oho, amma dai maganar ta mutu.

Jinyar kam ba zan yi muku ƙarya ba, na ji jiki. Washegari nas ta ce sai na tashi na taka don kar jini ya daskare a ƙafa, na miƙe a dunƙule ina jin kamar cikina zai zube. Tari sai na danne wurin da filo, dariya kuwa haramun. Ba abinci sai hanji ya motsa, duk nas ɗin da ta shigo tambayarta ɗaya, Hajiya kin yi tusa? a gaban suruka a gaban kowa, ranar da ta fito har barka aka min. Ban cika sati ba aka sallame ni, aka ce sati shida ba ɗaukar kaya ba aikin wahala. Gefe ɗaya na ɗinkin ya ɗan yi ruwa sai da na yi ta zuwa wankin ciwo. Azumin farko farko na sha, na rama bayan sallah. Abin da ya fi min ciwo 'yata, tana miƙo hannu in ɗauke ta ana janye ta, har ta yi fushi ta daina zuwa wajena ta koma wajen Umma. A irin ranakun nan nakan tuna abokiyar aikina, nata santimita 6 ne na ruwa, aka huda ta, abin da ta yi ƙorafi kawai ciwon kafaɗa ne saboda iskar gas ɗin, ko sati biyu ba ta yi ba ta dawo aji, sai in ji dama ni ce. Nata ya dace da ita, kuma da irin nata ne da ni ko minti ɗaya ba zan tsaya tunani ba.

Jiran sakamakon lab ya fi ciwon ɗinkin wahala, kusan sati uku duk wayar da ta shigo sai gabana ya faɗi. Ya fito damoyid ne, ba kansa.

Al'adata ta dawo a watan da ya biyo baya. Kafin shekara ta zagayo na samu ciki, a 2024 na haifi namiji, kuma da kaina na haihu, don mata da yawa suna tambayata ko wadda aka yanka dole sai CS, a'a, tunda ba a taɓa mahaifa ba. Tabon yana nan siriri a ƙasan mara, samansa har yanzu in na taɓa ba na ji sosai. Likita ta ce in dinga sikanin lokaci lokaci, don damoyid yakan dawo, kuma kusan mace ɗaya cikin goma ana samunsa a duka ɓangarorin biyu. Wanda na yi kwanan nan an ga wani ɗan ƙarami a dama, santimita 3, ta duba ta ce na ruwa ne, in bari al'ada biyu ko uku su wuce in dawo a sake dubawa. Wata mai zuwa ne zan koma in sha Allah, ku sa ni a addu'a.